Manhajarmu ta yi wata takwas ba mai biya: mu karɓi kuɗin Alhaji ko mu tafi Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni da abokina mun gama karatun kwamfuta a nan Katsina, muka haɗa manhajar waya da masu shaguna za su riƙa rubuta ciniki da bashi a ciki maimakon littafi. Wata takwas ke nan da fitar da ita. Mutum kusan 400 sun sauke, amma masu buɗe ta kullum ba su kai goma ba, kuma ba wanda ya taɓa biyan ko sisi. Kuɗin hannunmu ya kusa ƙarewa. Wani Alhaji ya ce zai ba mu naira miliyan 5 mu ba shi kashi 40 cikin 100 na kamfanin. Wasu kuma na cewa mu koma Legas, can masu jari suke. Me waɗanda suka kafa manyan kamfanonin fasaha suka yi a irin wannan gaɓar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka. Kafin mu zo kan Alhaji da Legas, ka ajiye 400 ɗin nan a gefe, ba abin da take gaya maka. Goman nan da ba su cika ba, su ne abin dubawa. Su wane ne? Me suke sayarwa, a wace kasuwa, wane shafi suke buɗewa, da wane lokaci? In ba za ka iya lissafo su ɗaya bayan ɗaya da ka ba, kai da layin da shagon kowannensu yake, to ba ku kai ga matsalar kuɗi ba tukuna. Miliyan 5 in ta shigo yau, tsawaita kuskuren da ake ciki kawai za ta yi, ta ƙara muku mutum na uku da za ku riƙa yi wa bayani.

Kusan duk kamfanin fasahar da ka ji sunansa ya ratsa ta wannan gaɓar. A 2009 Airbnb, mai haɗa masu gida da baƙin da ke neman masauki, abin da yake samu a mako bai wuce dala 200 ba. Paul Graham na Y Combinator, cibiyar Amurka da ke zuba jari a sabbin kamfanonin fasaha tana horar da masu su, ya tambayi masu kamfanin ina masu amfani da shi suka fi yawa, suka ce New York, ya ce to me kuke yi a nan? Brian Chesky da Joe Gebbia suka tafi, suka bi gida gida, suka ga hotunan ɗakunan da mutane ke sakawa munana ne, suka samo kyamara suka ɗauka da kansu. Kuɗin shiga ya ninka. Haka Patrick da John Collison masu Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet: in mutum ya ce zai gwada, ba sa cewa za mu turo maka, sai su ce miƙo kwamfutarka, su sa masa a nan take. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ku kun fi su sauƙi, don masu amfani da abinku suna nan tafiyar Keke Napep ɗaya daga ƙofar gidanku.

Ga yadda za ku yi. Ku zaɓi layi ɗaya a kasuwa ɗaya: masu sarin kayan masarufi a Babbar Kasuwa, ko masu kemis, ko masu kayan gini. Kada ku cakuɗa su, don bashin mai kemis daban yake da na mai siminti. Ku zaga shago 20 cikin mako biyu, da hantsi kafin kasuwa ta cika ko bayan Azahar in ciniki ya ɗan lafa. Waya ta zauna a aljihu. Kada ku ce "in muka yi kaza za ka saya?" Bakatsine mai kara ne, ba zai kalli ƙwayar idonka ya ce abinka bai yi ba. Zai ce "kai madalla, Allah ya sa albarka", ka tafi kana murna, shi kuwa ya koma kan littafinsa. Abin da ya riga ya faru za ku tambaya. Yaushe rabonka da yin asara saboda ba a rubuta ba, kuma nawa ne? Wa ke rubutawa in ka tafi Kasuwar Singa ta Kano sari? Lissafin ƙarshe da kuka yi da yaron shago awa nawa ya ci, an kuma tashi lafiya? Ɗayanku na tambaya, ɗayan na rubuta amsar da kalmomin mai shagon, ba da naku ba.

In ya yarda ya nuna muku littafin, ku dube shi da idon basira, don shi ne kishiyarku. Galibi littafin makaranta ne mai kaurin bango, gefensa ya yi baƙi da maiƙo, an ɗaure masa biro da zare. Rabin shafukan ba kwanan wata. Ba cikakken suna, sai "Maman yara, taliya kwali 2, ta ba da 10, saura 7", ko "direban Mashi", ko "mai shayin bakin tasha". In an biya a ja layi. Wani boko, wani ajami, wani lamba zalla. Rubutun bai ci daƙiƙa biyar ba, ba ya neman caji, ba ya neman sabis, ba ya tambayar lambar sirri. Yanzu ka ɗauki manhajarku ka ƙirga taɓawa nawa take nema kafin a ajiye bashi ɗaya: buɗewa, lambar sirri, sunan kwastoma, lambar wayarsa, zaɓen kaya, adadi, farashi, ajiyewa. In ta haura daƙiƙa goma, ga mutum uku a tsaye suna jiran canji, littafi ya kayar da ku. Ina kyautata zaton a nan mafi yawan mutum 390 ɗin nan suka zube.

Gyaran da irin wannan manhaja ke bukata sananne ne. Suna da adadin kuɗi kaɗai su zama dole, sauran duk ganin dama. Ta riƙa ajiye komai a cikin wayar tukuna, in sabis ya samu ta tura, don cikin rumfunan kwano sabis yakan ɗauke, kuma ba mu manta ba a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan har tsawon watanni. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet, a Funtuwa ko Jibiya ko Dutsin-Ma ta mutu ke nan a wancan lokacin. Girmanta kada ya wuce megabait 15 ko kusa da haka, saboda wayoyin cike suke da bidiyon WhatsApp, kuma ran da waya ta ce ba wuri, manhajar da ba a saba da ita ba ake fara gogewa. Ku gwada ta a kan waya mafi araha da za ku samu, mai fasasshen gilashi, ba a kan taku ba. Ma'auni su zama na kasuwa: tiya, mudu, buhu, kwali, rabin kwali, dozin, jarka. A iya ajiye bayani da murya. Sannan in waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa, mutum ya sa lambarsa a sabuwa komai ya dawo. Wannan na ƙarshen shi ne abin da littafi ba zai iya ba, kuma duk wanda gobara ko ruwan sama ya taɓa ci wa littafi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai kuma abin da masu haɗa manhaja kan manta: mai riƙe waya daban, mai biya daban. Yaron shago ne ke rubutu, maigida ne ke da kuɗi. Abin da maigida zai biya dominsa shi ne ya ga cinikin yau a wayarsa yana Kano ko yana gida, ya san buhu nawa ya fita, nawa aka bayar bashi, wa aka ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da wani yaron ba ya so a gani. Saboda haka za ka sa manhaja, maigida ya yi murna, bayan mako guda a ce maka "ai ba ta aiki". Lafiyarta ƙalau, an dai ƙi ta ne. Maganinsa a sa wa yaron nasa amfanin a ciki: lissafin dare da ke cin awa ɗaya ya koma minti biyar, kuma in kuɗi bai cika ba rubutu ya wanke shi daga zargi. Ku kuma sani maigida na tsoron abu biyu, masu haraji da maƙwabcinsa. Tun kafin ya tambaya ku gaya masa wa ke iya ganin lissafinsa, kuma ku faɗi gaskiya.

Wanda ya nuna sha'awa, a nan take za ku sa masa, da datarku. Ku zauna ku kwashe sunayen masu bashin da ke littafinsa ku shigar da hannunku, ko da mutum 60 ne, don manhajar da aka buɗe aka tarar wayam ba a sake waiwayarta. Gobe ku dawo, jibi ku dawo, ran na bakwai ku dawo. Ku tsaya a gefe ku yi shiru, ku ga inda yatsansa ke tsayawa yana neman abin dannawa. Kada ku nuna masa. Ku rubuta, ku je ku gyara a daren.

Kuma ku karɓi kuɗi tun daga shagon farko. Gwajin mako biyu ya isa, daga nan a biya. Kyauta ba ta koya muku komai, don ba wanda ke ƙin kyauta, ba kuma wanda ke ƙorafi a kanta, watsar da ita kawai ake yi. Wanda ya biya naira 3,000 shi ne zai kira ka da ƙarfe goma na dare ya ce lissafi bai daidaita ba, kuma wannan kiran ya fi muku yabon mutum ɗari. In mai shago ya ce "ya yi tsada, a rage", ku yi murna, ciniki ya fara. In ya ce "zan neme ku", ya sallame ku ne cikin mutunci.

Abin aunawa guda ne a yanzu, wato dawowa. Ku buɗe takarda, kowane mako ku rubuta shagunan da aka sa wa manhaja a makon. Bayan mako huɗu ku duba nawa ne a cikinsu ke rubuta ciniki aƙalla kwana huɗu a mako. In cikin goma uku ne suka rage, kada ku kashe ko kwabo a talla, ruwa za ku zuba a kwando. Tallar Facebook saukewa take kawowa, ba ta kawo mai zama. In shida ko bakwai suka rage har wata na biyu kuma suka sake biya, kun taka wani abu. Akwai gwajin da Sean Ellis, wanda ya yi aikin bunƙasa Dropbox, kamfanin ajiyar fayil a intanet, a farkonsa, ya fito da shi: a tambayi masu amfani yaya za su ji in an ɗauke abin gobe. In kashi 40 cikin 100 suka ce ransu zai ɓaci ƙwarai, abin ya kama. A nan garin, saboda kara, na fi yarda da wata alamar: mai shago ya kawo maka maƙwabcinsa ba ka roƙe shi ba.

Yanzu lissafi. Lambobin nan misali ne, ku cire ku sa naku. A ce a wata kuna kashe 60,000 a data da hayar ma'ajiyar bayanai a intanet, 40,000 a zirga-zirga, 70,000 kowannenku na cefane da bukatun yau da kullum, 60,000 kuma ga mai taya ku zagayen kasuwa. Jimla naira 300,000. Kowane shago na biyan 3,000, a cire 500 na saƙonnin tes da cajin karɓar kuɗi, saura 2,500. Kuna bukatar shago 120 masu biya kafin abin da ke shigowa ya rufe abin da ke fita. In a kowane wata shago 10 cikin 100 na ficewa, to shago ɗaya wata goma yake yi a tsakaice, wato zai kawo muku 25,000 duk zamansa. Saboda haka kuɗin samo shi, mota da data da la'ada da lokacinku, kada ya wuce 8,000, kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka kuma lura, ran da kuka kai 120 ɗin, sai kun samo sabbin shaguna 12 duk wata kafin ma ku tsaya a inda kuke. In kuka rage ficewar ta koma 5 cikin 100, kowane shago ya koma 50,000 ba tare da kun ƙara kwabo a farashi ba. Shi ya sa na daɗe a kan littafi da yaron shago, a can kuɗin yake.

Kada 120 ta ba ka tsoro. Paul Graham ya rubuta a 2012 cewa ƙaruwar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a mako ita ce mai kyau ga sabon kamfani. Shago goma da ke ƙaruwa da kashi 5 duk mako, in shekara ta zagayo sun kai wajen 126. A farko ma'anarta sabon shago ɗaya duk mako biyu, abin da ƙafarku za ta iya.

Sai kuma ka raba kuɗin da ke asusu da abin da ke fita a wata, ka ga wata nawa ya rage muku. In bai kai uku ba, ɗayanku ya karɓi aikin haya, shafin intanet na makaranta ko manhajar wani asibiti mai zaman kansa, a karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami. Ba abin kunya ba ne. Moniepoint da ka ga na'urarsa a kowane lungu, da sunan TeamApt ya fara a 2015, Tosin Eniolorunda da Felix Ike suna haɗa wa bankuna manhaja ana biyansu. Sai a 2019 suka karɓi jari mai kauri na farko daga masu zuba jari, dala miliyan 5.5, kuma sai a Oktoban 2024 darajar kamfanin ta haura dala biliyan ɗaya. Shekara tara ke nan. Hatsarin aikin haya shi ne yakan cinye naku, don haka ku yanke masa kwana biyu a mako. Kwangilar ofis kuwa, wadda za a gama aiki a yi wata shida ana bin fayil, ba ta mai wata uku a aljihu ba ce.

Akwai maganar da ya kamata ka ji ko ba daɗi. Rubuta ciniki shi kaɗai sana'a ce mai ƙaramar riba. Kippa, kamfanin Legas da ya fito da manhaja irin taku kyauta a 2021, ya tara dala miliyan 8.4 a 2022, ya ƙara harkar POS don samun kuɗin shiga, amma kafin ƙarshen 2023 ya rufe wannan sashen ya sallami ma'aikata. Ku ƙirga shagunan da ke layinku a Katsina da Daura da Funtuwa da ƙafarku. In a ce 2,000 ne, ɗaya cikin goma ya biya, naira 600,000 ke nan a wata. Sana'a ce mai albarka da za ta riƙe gida biyu, amma in ka juya ta a kan naira 1,500 duk dala, dala 400 ce, kuma mai zuba jarin dala ba zai waiwayo ba. Ga shi tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ma'ana kamfanin da cinikinsa ya ninka uku a naira, a idon mai dala bai motsa ba. Ku zauna ku biyu ku yanke wanne kuke ginawa: sana'a mai ciyar da kanta, ko kamfanin da zai mamaye Arewa har ya tsallaka Maraɗi da Damagaram. Duka biyun halal ne, amma kuɗin da ya dace da ɗaya guba ne ga ɗayan. In na biyun ne, to rubutun ƙofa ce kawai, ribar na bayanta, misali haɗa mai shago da babban dila ya yi odar kaya ta ciki ku ɗauki la'ada.

To, Alhaji. Miliyan 5 a kan kashi 40 na nufin an yi wa kamfanin kuɗi miliyan 12.5. Ba farashin ne ya fi damuna ba, kason ne. Duk zagayen jari na gaba, wato duk lokacin da kuka sake karɓar kuɗi daga sabbin masu jari, yakan ci wajen kashi 20. In kun fara da 100, bayan zagaye biyu kuna da 64. In kun fara da 60, bayan zagaye biyu ku biyun kuna da 38.4, kuma masu jarin da suka san aiki sukan ja baya in sun ga masu wahalar ba su ne ke da rinjaye tun da wuri ba. Na biyu, ka tabbatar abin da kake nufi da hannun jari shi yake nufi. Da yawa daga cikin attajiranmu in sun ce "na sa kuɗi", a ransu uwar kuɗi na nan daram, kuma ana sa ran wani abu duk wata. Ran da wata shida ta wuce ba a kawo komai ba, sai a kira mahaifinka. Ku faɗa masa ƙarara, gaban shaidu, cewa kuɗin na iya narkewa gaba ɗaya. In bashi ne a kira shi bashi, a rubuta wa'adi, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni. In mudaraba ce, wato shi da dukiya ku da aiki, riba a raba yadda aka yi yarjejeniya, asara kuwa ta mai dukiya ce matuƙar ba sakaci. Akwai kuma musharaka mai raguwa, inda za ku riƙa sayen kasonsa a hankali. Malami masanin fiƙihun ciniki da lauya su duba takardar kafin a sa hannu.

Shawarata kada ku karɓa yanzu, kada kuma ku rufe ƙofar. In Alhaji ɗan kasuwa ne, abin da ke hannunsa ya fi miliyan 5: ya sa manhajar a shagunansa, ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya, ya haɗa ku da mutum goma a layinsu. Da ɗan gari akan ci gari. In kun kai shago 30 masu biya wata biyu a jere, ku koma masa da takardar lissafi, a yi maganar kashi 10 zuwa 15, kuɗin kuma ya riƙa fitowa kashi-kashi gwargwadon abin da aka cim ma. Yawan kuɗi kafin a san ana son abu bai taɓa ceton kowa ba. Quibi, kamfanin gajerun finafinan waya na Amurka, ya tara dala biliyan 1.75, ya buɗe a Afrilun 2020, a Oktoba ya sanar da rufewa. WhatsApp kuwa ma'aikata 55 gare shi lokacin da Facebook ya saye shi dala biliyan 19 a 2014.

Ba ka ce komai ba game da tsakaninka da abokinka, kuma abin da ba a faɗa ɗin nan ya kashe kamfanoni da yawa. Ku rubuta tun ana dariya. Tsarin da aka saba shi ne kason kowa ya riƙa zama nasa a hankali cikin wata 48, kuma wanda ya fice kafin wata 12 ba shi da komai. Misali kun raba 50 da 50, abokinka ya samu aikin gwamnati a wata na 18 ya tafi: nasa 18 cikin 48 na hamsin ɗin, wato kashi 18.75, sauran ya dawo kamfani. In babu wannan, zai tafi da rabi, kai ka yi shekara biyar kana yi masa noma. A rubuta wa ke yanke hukunci in an saɓa, awa nawa kowa zai bayar, da cewa duk abin da aka rubuta na manhajar mallakar kamfani ne. Sunan shafinku na intanet da asusun Play Store su ma su koma sunan kamfani, kada su zauna a imel ɗin mutum ɗaya.

Wannan na bukatar rijistar kamfani a CAC, hukumar rijistar kamfanoni ta ƙasa, ba rijistar sunan kasuwanci ba, don ita ba ta da hannun jarin da za a raba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa ga kamfani mai zaman kansa naira 100,000. Ku buɗe asusun banki na kamfani, kuɗin shago ya daina shiga asusunka. Dokar sabbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi shaida ta musamman ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, mai buɗe ƙofar rangwamen haraji, ga kamfanin da bai wuce shekara goma ba kuma 'yan Najeriya ke da aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Wurare biyu ne za ku iya taka doka ba ku sani ba. Sunaye da lambobin masu bashi bayanan mutane ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanku. Kada manhaja ta tura wa kowa saƙon tunin bashi da kanta, sai mai shago ya danna, kuma lafazin ya zama mai taushi, don saƙo ɗaya da ya faɗa hannun mijin wata ko surukin wani zai iya raba mai shago da kwastoman shekara goma, ya kuma raba ku da layin gaba ɗaya. Na biyu, kada kuɗin mutane ya kwana a asusunku. Riƙe kuɗin jama'a sai da lasisin Babban Bankin Najeriya. In kuna so a riƙa biyan bashi ta cikin manhaja, ku bi ta kamfani mai lasisi irin Paystack ko Flutterwave, kuɗin ya wuce kai tsaye asusun mai shago.

Legas kuwa, me za ku je yi? Masu sayenku na nan, yarensu kuke ji, hayar ɗaki a can kaɗai za ta cinye kuɗin wata shida na nan. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun gina Paystack a Legas ne don a can 'yan kasuwar intanet suke, suka shiga Y Combinator a 2016, Stripe ya saye su sama da dala miliyan 200 a Oktoban 2020. Sun zauna kusa da kwastomansu, ku ma haka za ku yi. Neman shiga Y Combinator ta intanet ake yi, haka tallafin dala 5,000 na Gidauniyar Tony Elumelu da ake buɗewa a farkon Janairu. Abin da za su duba lambobinku ne. In Katsina ta yi muku kaɗan, Kano ce mataki na gaba.

Ku dai sa ido a kan abin da ba ku da iko da shi. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, kamfanonin acaɓa ta manhaja irin Gokada da ORide da MAX suka wayi gari babu sana'ar da suka tara jari dominta. Namu nan iyaka ce: an rufe ta a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar har Maris ɗin 2024. In duk shagunanku na Jibiya ne ko Mai'aduwa, ran da aka rufe iyaka kuɗin manhaja ne farkon abin da za su yanke. Bayan layin farko ya kama, na biyun ya zama wanda cinikinsa bai rataya a kan abu ɗaya da na farkon ba.

Ma'aikacinku na farko kada ya zama mai rubuta manhaja, kun isa ku biyu. Ku nemi wanda ya yi shekaru a kasuwar, wanda in ya yi sallama ake ba shi kujera. La'adarsa kuma a biya ta ran da shago ya biya wata na biyu. In kuka biya a kan kowace saukewa, zai cika muku takarda da wayoyin 'yan'uwansa.

Ku ba kanku kwana 90 daga yau, ku rubuta ranar. In ta zo kuna da shago 30 masu biya, ku ci gaba. In ba su kai goma ba, ku duba abin da 'yan kaɗan ɗin ke yi da manhajar wanda ba don shi kuka gina ta ba. Instagram daga wata manhaja mai suna Burbn ya fito, da masu ita suka ga hotuna kaɗai mutane ke sakawa sai suka zubar da sauran. M-Pesa ta Kenya an fara gwada ta ne don biyan ƙananan basuka, aka ga mutane na tura wa juna kuɗi da ita, aka buɗe ta a kan haka a 2007. Wataƙila naku masu kemis ne ke duba ranar lalacewar magani, ko masu adashe ke rubuta zubi. In haka ne ku bi wannan, ku goge sauran shafukan. In kuma ba komai, ku sanar da masu amfani wata guda kafin ku kashe ta, ku buga wa kowane mai shago lissafinsa a takarda ku kai masa har shago, ku mayar wa wanda ya biya gaba ragowar kuɗinsa, sannan ku goge bayanan mutane daga ma'ajiyarku.